Hanyoyin ƙafa na Patcham da burtalinmu na gida

Unguwar da nake zaune, Patcham, tana arewacin birnin Brighton a kudancin Ingila, daidai inda gidaje suka ƙare tuddan South Downs suka fara. Tuddan na alli ne, shi ya sa idan ka bi hanyar ƙafa ka hau, takalminka kan dawo gida fari fat kamar ka taka gari. Daga sama kana hango teku ta bayan birni.

Farkon zuwana abin da ya ɗaure mini kai shi ne hanyoyin nan suna ratsa gonakin mutane da wuraren kiwon tumakinsu. 'Yar ƙofa ce ta katako, ka buɗe ka shiga ka mayar, ga alama tana nuna maka inda za ka bi. Na ɗauka alfarma ce manomi ya yi. Ashe doka ce. Hanyar tana rubuce a taswirar hukuma, mai gona ba shi da ikon toshe ta, in ma ya yi huɗa ya bi ta kanta, kwana 14 gare shi ya gyara ta. Irinta nake bi in je Chattri, wurin tunawa da sojojin Indiya da suka rasu a asibitocin Brighton lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka buɗe a 1921.

Duk sanda na mayar da ƙofar nan, burtali nake tunawa. Ai mu ma kakanninmu sun ware wa shanu hanya, suka shinge ta da aguwa gefe da gefe. Sai wani ya ci taku ɗaya bana, baɗi ya ƙara biyu, mai unguwa ya kawar da kai, har shanu su rasa wurin bi su faɗa gona. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi, kuma wani lokacin har da rai. Haka lungunanmu. Lungun da muke bi zuwa makarantar allo muna yara, wani ya ja katanga ya haɗe shi da gidansa, tsofaffi yanzu sai sun yi dogon zagaye kafin su isa masallaci, kuma ba wanda ya ce uffan.

Maganar itatuwa ta fi yi mini ciwo. Akwai wata bishiya da ake kira elm, wadda wata cuta da ƙwaro ke yaɗawa ta kashe sama da miliyan 25 a Birtaniya tun daga ƙarshen shekarun 1960. Brighton ta tsira da kusan 17,000. Tuddai ta arewa da teku ta kudu sun taimaka wajen tare ƙwaron, amma ba su kaɗai ba ne. Ma'aikata na zagayawa suna duba ganye, wadda ta kamu a sare ta nan take don kada ta shafa wa 'yan'uwanta, kuma ana jan kunnen mutane kada su shigo da itacen girki na elm cikin gari. A lambun Preston da ke cikin birnin, a da akwai wasu guda biyu da suka kai kimanin shekara 400. Da aka sare ɗaya a 2019 saboda cutar, mutanen gari sun yi jimami sosai.

Mun saba cewa ai su suna da ruwan sama da kuɗi. Ban yarda ba. Darbejiya ba ta neman kuɗi, akuya kawai za ka kare ta daga gare ta shekara biyu. Wadda ke ƙofar gidanmu ta girme ni, a gindinta ake ɗaurin aure, a nan dattawa ke majalisa bayan la'asar, mai faci ma a nan yake aje kayansa. Rana ɗaya aka kayar da ita don a fitar da shago.

Abin da ya fi ba ni takaici, a titunan Patcham sai ka yi tafiyar minti goma a ƙarƙashin inuwa ba ka ga mutum ɗaya zaune ba, sai mai yawo da kare ya wuce. Mu ne masu zama a gindin bishiya, mu ne rana ke gasawa a watan Afrilu, kuma a unguwarmu babu ko takarda ɗaya da ta ce darbejiyar nan ta jama'a ce.