Kafin a sayo wata motar asibiti, wa zai ɗaga wayar?

Duk lokacin da na ga hoton wani ɗan majalisa yana miƙa makullin sabuwar motar asibiti ga wata ƙaramar hukuma a Jigawa ko Kano, nakan ce Allah ya saka masa, don motar aba ce mai amfani. Amma idan naƙuda ta tsananta wa wata mata a wani ƙauye bayan Kafin Hausa da ƙarfe biyun dare, wace lamba mijinta zai kira har motar nan ta taso? Wa zai ɗaga? Wanda ya ɗaga ɗin ma, ya san inda direban ya kwana, ya san ko akwai mai a tankin?

Ina zaune a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila, kuma abin da zama a nan ya nuna mini shi ne, tsarin agajin gaggawa daga ɗakin amsa waya yake farawa, mota tana biyo baya. Su ma ba da shi aka haife su ba. A watan Nuwamba na 1935 gobara ta tashi a wani gida da ke titin Wimpole a Landan, mata biyar suka rasu. Wani maƙwabci ya yi ta ƙoƙarin kiran 'yan kwana-kwana, amma aka bar shi a layi a ofishin haɗa waya, domin a lokacin babu yadda ma'aikaciyar za ta bambanta kiran gobara da kiran mai son gaisawa da ɗan uwansa. Takaici ya sa ya rubuta wa jarida, gwamnati ta yi bincike, ran 30 ga Yuni 1937 aka buɗe lambar 999. Landan kaɗai ta fara samu, Glasgow ta biyo a 1938, ba ta game ƙasar duka ba sai 1976. Kusan shekara arba'in ke nan. Motocin kuma suna hannun ƙananan hukumomi, kowa da nasa tsarin, har 1974 da aka mayar da su ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa. A 2006 aka sake haɗe hukumomin da ke kula da motocin asibiti suka zama manya na yanki-yanki, a nan ne ta Yorkshire ta samu. Yau ɗakunan amsa kira da ke Wakefield da York ne ke juya motocin da ke yi wa mutum sama da miliyan 5 hidima.

Na taɓa tsayawa a kan wani dattijo maƙwabcina da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa, 'yarsa na riƙe da waya ta buɗe muryar kowa na ji. Matar da ta amsa ba ta tambayi sunan kowa ba. Ta ce yana numfashi? Aka ce a'a. Ta ce a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, sai ta fara ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, yarinyar na dannawa tana kuka, ita kuwa muryarta ko rawa ba ta yi. Tana cikin ƙirgan ta ce an riga an turo mota, wani ya je ya tsaya a bakin titi. Tun kafin motar ta iso an fara jinyar, kuma wadda ta fara ta ko ganin majinyacin ba ta yi ba.

Ba ina cewa komai ya daidaita a nan ba ne. Ƙa'idar da suka sa wa kansu tun 2017 ita ce a kai ga wanda zuciyarsa ta tsaya cikin minti 7 a matsakaici, mai shanyewar ɓarin jiki da makamantansa cikin minti 18, kuma sau da yawa ba sa cikawa. Lokacin sanyi motoci kan yi layi a ƙofar asibiti babu gadon sauke majinyaci, tsofaffi su yi awanni a ƙasa suna jira. Sai dai kowane kira a rubuce yake, da lokacin da ya shigo da lokacin da aka isa, shi ya sa ake iya kama su da laifi a tilasta musu gyara.

A wajenmu kuwa kowa ya san yadda ake yi. Ungozoma ta fito daga ɗaki ta ce jinin ya yi yawa, a nemi mota. Maigida ya hau tudun bayan gari inda ake samun sabis, ya kira ƙaninsa da ke Haɗeja, ƙanin ya kira wani direba, wayar direban a kashe ba caji. A tashi mai babur, a ga ba za ta iya zama a kai ba. A ƙarshe a samu mai mota a ƙauyen gaba ya ce "Wallahi Yaya ba ni da mai, sai dai a samo galan." A buga wa mai bumburutu ƙofa. Idan damina ce kuma, a fara da amalanke har zuwa kwalta. Duk wannan an yi, a isa asibitin da ya fi kusa a tarar ba jini, ba mai yin tiyata, a ce a wuce Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke kula da masu haihuwa tun 2008. Babu wanda ya yi ƙyuya a cikin mutanen nan, kowa ya yi iyakar yinsa. Awannin da suka salwanta sun tafi ne wajen neman labarin da mutum ɗaya mai waya da rajista zai iya bayarwa cikin minti biyu: ga direban da ke kusa, ga asibitin da ke da jini a daren nan.

Lambobi kam muna da su. Akwai 112, wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gina wa cibiyoyi a jihohi da dama har da Kano, kuma kyauta ce ko ba kati a waya. Hukumar kiyaye haɗurra tana da 122. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta kawo shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya. Abin da nake so a auna shi ne abin da ke faruwa bayan an ɗaga. Mai kira daga ƙauye ba shi da lambar gida ko sunan titi. Zai ce "bayan makarantar firamare, in ka wuce tsamiya, gidan Malam mai allo." A Ingila wayar hannu da kanta take aika wa ɗakin amsa kira inda mutum yake. Kafin mu kai can, dole mai amsawa ya zama ɗan yankin, mai jin Hausa, kuma a samu mai jin Fulatanci a kowane kwanan aiki saboda rugage, wanda ya san cewa hanyar Auyo ta rani daban take da ta watan Agusta.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne rabin aikin mun riga mun yi shi da kanmu. Direbobin ƙungiyar NURTW a Jigawa da wasu jihohin Arewa sun daɗe suna ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti a matsayin aikin sa kai, an koya musu alamomin haɗari irin su jijjiga da zubar jini da yadda ake ɗaukar mace a wannan hali. Jigawa kuma tana da shirin Haihuwa Lafiya. A ƙauyukan tuddan Yorkshire ma da 'yan sa kai ake rufe tazarar: manomi ko malamar makaranta mai jakar iskar numfashi da na'urar farfaɗo da zuciya, ɗakin amsa kira ya tura shi ya riƙe majinyaci kafin mota ta iso. Bambancin kawai, nasu a kan allo ɗaya suke da motocin, ana ganin wanda ke kusa. Namu kuwa lambarsu tana cikin wayar wanda ya yi sa'ar saninsu.

Fashewar tankar mai a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a daren 15 ga Oktoba 2024, wadda ta ci rayukan mutum sama da 150, ta nuna ɗaya gefen. Masu ƙuna da yawa a dare ɗaya, asibitocin Ringim da Haɗeja suka cika, wasu sai Kano. A irin wannan dare ana buƙatar wanda ke zaune wuri ɗaya yana raba mutane tsakanin asibitoci, yana tashin likitocin da ke gaba tun motoci na hanya.

Da ni ake shawara, da na ce a fara da masarauta ɗaya, misali Haɗeja, kada a ce sai jihar duka. Ɗaki ɗaya mai sola, ma'aikata masu karɓa-karɓa dare da rana, rajistar kowane direban sa kai da kowace motar asibiti da lambar kowane dagaci da mai unguwa. Kowane asibiti ya kira safe da yamma ya faɗi jinin da ke hannunsa da likitan da ke bakin aiki. A haɗa ɗakin da 112, a yi shelar lambar a rediyo da masallatan Juma'a da ranakun kasuwa. Direban da ya ɗauki mace cikin dare kuma a tura masa kuɗin mansa ta waya kafin azahar ta gobe, domin wanda aka bari ya yi ta sintiri yana bin kuɗin galan biyu, in an sake kiransa da dare zai ga lambar ya juya ya ci gaba da barcinsa.