Ko maganin dajin yara ya zo kyauta, wa zai biya kuɗin mota?

Tun watan Fabrairun 2025 da Hukumar Lafiya ta Duniya da asibitin St. Jude na birnin Memphis a jihar Tennessee ta Amurka suka fara sauke magungunan ciwon dajin yara kyauta a Mongoliya da Uzbekistan, da alkawarin Ekwado da Jodan da Nepal da Zambiya na biye, ƙorafi ɗaya ke yawo a bakin mutanenmu: ina Najeriya? Da aka ji sunan Ghana da Senegal a rukuni na biyu kuwa, sai ƙorafin ya koma kishi. Wannan kukan ne ya ishe ni. Masu yin sa suna magana kamar da zarar kwalayen magani sun sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, shi ke nan yaranmu sun warke.

Ba raina shirin nake yi ba. Dala miliyan 200 St. Jude ta ware masa, kuma a ƙasar da jabun magani ke kisa, samun na gaske ba ƙaramin abu ba ne. Alƙaluman hukumar ma sun isa su hana mutum barci: kimanin yara 400,000 ke kamuwa da cutar a duniya kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari na warkewa a ƙasashe masu arziki, a yawancin irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. Burin da aka sa a 2018 shi ne a kai kashi 60 kafin 2030.

Sai dai a leƙa ɗakin yara na asibitin koyarwa a gani. Uwa ce kwance kan tabarma a baranda, da ƙaramin goyo a gefenta. Uba ya koma ƙauye sayar da akuya, domin an rubuta ledar jini biyu da gwaji, kuma ko katin ma da rance aka yanka. Sankarar jini ba jinyar mako ba ce, sai an haura shekara biyu ana zarya. Daji irin na Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yaro har haƙora su yi girgiɗi, shi kuma yaudara gare shi: allura ɗaya ko biyu kumburin ya saɓe, iyaye su ga sauƙi, ga damina ta faɗi, gona na jira, sai su ɗauke ɗansu. A gida kuma akwai mai tuna musu cewa ai daji ba ya son allura. Bayan watanni a dawo da yaron, ciwon ya yi taurin da maganin farko ba ya taɓa shi. Wane kwalin magani ne daga Memphis zai hana wannan?

Masu son kafa hujja da haɗin gwiwar asibitoci su karanta tarihinsa da kyau. A birnin Recife na Brazil, inda St. Jude ta ƙulla da wani asibitin yara a shekarun 1990, warkewar masu sankarar jini ta tashi daga kashi 32 zuwa 63. Ana yawan ambaton wannan. Abin da ake tsallakewa shi ne masu barin magani a tsakiya sun ragu daga kashi 16 zuwa ƙasa da kashi 1, kuma ƙungiyar 'yan garin ce ta tanadi masauki da abinci da kuɗin mota. A El Salvador, inda aka fara da asibitin Benjamin Bloom a 1993, gidauniyar cikin gida ce ta tsaya, aka kuma sa ma'aikatan da ke bin sawun duk yaron da ya tsallake ranar allurarsa, a ji dalili, a dawo da shi. Baƙi sun kawo ilmi da horo, masu gida suka riƙe yaran.

Ghana da ake wa hassada ma ba farin jini ne ya kai ta ba. Tun 2010 asibitin Korle Bu na Akara yake aiki da asibitin yara na Edinburgh ta hannun ƙungiyar World Child Cancer, sannan a Nuwamban 2021 aka sanar da sanya dajin yara iri huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa: sankarar jini, Burkitt, ta ido da ta ƙoda. Mu fa? Asusun tallafa wa masu daji da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi, da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara, duk na manya. A Abuja aka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya a 2001, ga shi har yau muna lilo a wajen kashi 5. Abin da muka iya shi ne sa hannu a yarjejeniya, a ɗauki hoto da baƙi, a raba jaka da alawus. Likitan da aka tura horo waje, ya dawo ya tarar ba jini, ba wuta, ba albashin kirki, in ya sake haɗa kayansa a ce ba shi da kishi. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma wanda bai yarda ba ya dubi yadda asibitoci suka shiga uku da Amurka ta datse tallafin USAID a 2025.

Akwai masu cewa a guji Turawa gaba ɗaya saboda abin da ya faru lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara a Kano a 1996. Ciwon gaskiya ne, amma maganin daji na vincristine da ake ba yaran nan ya haura shekara 60 a hannun likitoci, ba gwaji ba ne. Masu cewa a gama da zazzaɓin cizon sauro tukuna kuwa, su sani dajin Burkitt da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958 ya fi yawa ne daidai inda sauron ya fi ɓarna.

Abin kunya ne a ce ƙasar da manyanta ke tashi zuwa Landan da Alƙahira duba hawan jini ta zauna jiran wani asibiti a Tennessee ya tuna da 'ya'yanta. A sa dajin yara cikin inshorar ƙasa da ta jihohi. Attajiran da ke gasar raba shinkafa da azumi, ɗaya daga cikinsu ya gina masaukin 'yan jinya kusa da asibitin koyarwa na Kano ko Shika ko Sakkwato. Hukumomin zakka su ɗauki kuɗin mota da na jini. A ba wata nas waya da kati da rajistar sunaye, aikinta ta kira uban duk yaron da bai zo allura ba, ta tambaye shi nawa ne kuɗin mota daga garinsu.