Nasiha Bayan Rasuwar Baffanmu, Tsohon Soja

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa baffanmu rasuwa a nan Zariya bayan doguwar jinya, kuma tun da aka tashi daga zaman makoki nake jin nauyin in faɗi wani abu game da rayuwarsa, domin a cikinta akwai wa'azi gare ni da ku baki ɗaya.

Baffa ya shiga soja a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Ya yi kurtu a Depo na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji tun 1924, daga nan aka tura shi fagen daga yana saurayi, bai sake ganin mahaifiyarsa ba sai bayan an ajiye makamai a watan Janairun 1970. Ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya da muƙamin saje. Ba mai yawan ba da labarin yaƙi ba ne, kuma idan yara suka matsa masa, iyakarsa ya ce su roƙi Allah kada Ya nuna musu abin da ya gani.

Abin da ya fito da shi daga bariki shi ne amsa kira a kan lokaci. Yakan ce a bariki idan aka busa bigila babu kurtun da ya isa ya ce yana zuwa, to ta yaya ladan zai kira sunan Allah mutum ya gyara kwanciya? Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da matasan gida ke ƙudundune cikin bargo, ƙarar butarsa ce ke fara tashinmu, sannan mu ji sandarsa tana bugun ƙasa ta bi ta zaure zuwa masallaci, kuma sahun farko ba ya wuce shi. Da ƙafa ta gaza ya koma salla a kan kujera, da zaman ya gagara ya yi ta a kwance, yana tambayar jikokinsa ko an kira la'asar. Hannun da ya ɗauki bindiga shekara da shekaru, na gan shi ya kasa riƙe kofin koko, sai na tuna aya ta 54 a Suratur Rum, inda Allah Ya ce Ya halicce mu daga rauni, Ya ba mu ƙarfi bayan rauni, sannan Ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfin.

'Yan'uwa, mu da ke cikin kwanakin ƙarfin nan, me muke yi da su? Muna isa wurin aiki kafin ƙarfe takwas saboda tsoron shugaba, amma mu kai tsakar dare a kan waya har asuba ta kuɓuce mana, alhali Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya sallaci asuba yana cikin kariyar Allah, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wannan sakaci ne babba, kuma lafiyar da muke jinkiri da ita aro ce.

Sauran mazan jiya irinsa suna nan a Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni, sun tsufa, wasu babu mai leƙa su. Kada mu jira bikin tunawa da 'yan mazan jiya na ranar 15 ga Janairu kafin mu je mu gaishe su.

Duk wanda yake bin Baffa bashi ya taimaka ya sanar da iyalinsa domin a sauke masa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.