Ku Dawo Mana Da Maɓallanmu

Wai don Allah wa ya ce wa masu ƙera motoci muna son katafariyar waya a gaban direba? A tsohuwar mota, in zafi ya ishe ka, hannu kawai za ka miƙa ka murɗa, idonka na kan titi. Yatsa ya san wurin ko da cikin duhu. Yanzu kuwa sai ka kalli sikirin, ka taɓa nan, ya kai ka wani shafi, ka ja yatsa, sannan iska ta ƙaru. Kafin ka ɗago kai, ɗan adaidaita ya faɗo gabanka ba sigina.

Da tsakar rana kuwa, in haske ya bugi gilashin, ba ka ganin komai sai shatin yatsu da ƙurar hunturu. Ka faɗa rami, hannu ya goce, kana neman rage sanyi ka ƙure rediyo. In kuma sikirin ya mutu, AC da kyamarar baya duk sun bi shi, bakanike ya ce sai dai a sauya gaba ɗaya.

Ai ba ci gaba ba ne, sauƙin kuɗi ne ga masu ƙera motocin. Kamfanin Tesla ma, a motarsa Model 3, har akwatin gaban fasinja ta sikirin ake buɗe shi. Haba! Su kansu Turawan sun gaji: daga 2026 Euro NCAP, mai auna tsaron motoci, tana rage maki ga motar da ba ta da maɓallin hannu na hon, sigina da waifa.