Ƙannena Masu Zanen Farce a Gida, Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata, musamman ƙannena waɗanda suka fara sha'awar yi wa faratansu zane da hannunsu a gida. Ban zo don in hana ku ba, domin ni ma na yi shekaru ina zama da kwalaben janfarce a gabana, kuma na san daɗin da mace take ji idan ta ɗaga hannu ta ga furen da ita da kanta ta zana ya fita tsaf. Abin da ya dame ni shi ne yadda yawancinmu muke koyon wannan aiki daga bidiyon daƙiƙa talatin na TikTok da Instagram, wanda yake nuna zanen kawai, ba ya nuna shirin da aka yi kafinsa, ba ya kuma nuna halin da farcen ya shiga ranar da aka cire kwalliyar. A waɗannan wurare biyu da ake ɓoyewa ne ake yin ɓarnar.

Farce ba allo ba ne da za a rubuta a wanke a sake rubutawa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Ɓangaren da muke gani mai tauri an gina shi ne da keratin, irin sinadarin da ke cikin gashi, kuma yana tsirowa daga wani tushe mai rai da ke ɓoye a ƙarƙashin fatar gindin farce, wanda ɗan farin nan mai kama da jinjirin wata shi ne gefensa da ya leƙo waje. Farcen hannu yana ƙaruwa da kimanin milimita 3 a wata, saboda haka kafin ya sabunta daga gindi zuwa baki yakan ɗauki kusan wata 6, na ƙafa kuwa yakan kai wata 12 zuwa 18. Abin da ya riga ya fito ba ya warkewa kamar fata. Idan kin kankare shi ya yi siriri a cikin minti biyar, babu man da zai mayar masa da kaurinsa, sai dai ki yi ta jira har sabo ya turo shi waje.

Kuskuren farko da nake gani a hannun kusan kowace sabuwar shiga shi ne yanke siririyar fatar da ta liƙe a gindin farce, wai don wurin ya yi fes fenti ya kwanta. Wannan fata marfi ce, ita ce take toshe tsakanin farce da tsoka don kada ruwa da datti da ƙwayoyin cuta su sami hanyar shiga tushen. Da zarar an yanke ta an buɗe ƙofa, sai gefen farcen ya yi ja, ya kumbura, ya rinƙa zogi har ya hana barci, daga baya ya tara mugunya. Idan ciwon ya taɓa tushen, farcen da zai fito zai zo da gurbi ko layi-layi. Abin da ya isa shi ne ki jiƙa yatsunki a ruwan ɗumi, ki shafa mai, ki tura fatar baya a hankali da tsumma mai laushi. Almakashi da abin yanke farce kuma kada ki yi aronsu, kada ki ba da aro, ko da 'yar uwarki ce ciki ɗaya, domin abin da yake iya fasa fata ya taɓa jini yana iya ɗauke cuta daga hannu zuwa hannu.

Shawarata ga mai koyo ita ce ta tsaya a kan janfarce na yau da kullum, wanda yake bushewa da iska, har sai hannunta ya faɗa. Yawancin zanen da ke burge ku ana iya yin sa da shi. Ki fara da shafin kariya marar launi don kada launin ya rina farcen ya koma rawaya, sannan ki yi shafi biyu marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri, ki ba kowanne lokacinsa ya sha iska. Idan fure kike so, ɗiga fenti kaɗan a kan takarda, ki dangwala kan tsinke a ciki, ki ajiye ɗigo biyar a zagaye, ki jira su ɗan kama, sannan ki sa ɗigo na wani launi a tsakiya. Idan layi kike so, ki liƙa siririn salatif bayan shafin ƙasa ya bushe sarai, ki shafa launi na biyu, ki zare salatif ɗin tun fentin yana danye, domin idan kin bari ya bushe zai taho da gefen zanen. Ki kwantar da gwiwar hannunki a kan tebur, ki rinƙa juya yatsan da ake yi wa zanen maimakon buroshin, musamman idan kin koma yi da hannun da ba ki saba da shi ba. Duk kuskuren da kika yi a nan auduga ɗaya za ta share shi. Ki buɗe taga kawai, ki nisanci kyandir da murhu, saboda janfarce da man goge shi, musamman mai asiton, wato sinadarin da ke narkar da fenti, suna saurin kama wuta.

Inda nake so mu daɗe shi ne batun jel, wani nau'in fentin farce da ake daskarar da shi da ƙaramar fitila. Wata ƙanwata ta sayi kayan gaba ɗaya ta intanet, kwalabe da fitila a kwali ɗaya, ta yi ta yi wa kanta duk bayan mako biyu har tsawon watanni, kuma gaskiya aikinta yana kyau. Na sha ganin ta tana shafa fentin ya zarce kan fatar gefen farce, sai ta sa babban yatsanta ta share, ta ci gaba da hira. Abin ya fara da ƙaiƙayi a kan yatsu, ta ce zafin fitila ne. Daga nan fatar kan yatsun ta bushe ta tsattsage har riƙe biro yana yi mata wuya, farata uku suka ɗago daga kan tsoka, sannan fatar idonta ta kumbura ta yi ja. Ta canza sabulu, ta canza hoda, ta daina shafa komai a ido, ba ta taɓa kawo farce a ranta ba, sai da likitan fata ya yi mata gwajin da ake manna sinadarai a baya ya gaya mata cewa jikinta ya ƙi sinadarin jel.

Bambancin jel da janfarce na yau da kullum babba ne. Jel ba ya bushewa, daskarewa yake yi: a cikinsa akwai ƙananan sinadarai da ake kira akirilet, mafi shahararsu shi ne HEMA, waɗanda hasken fitila yake haɗe su su zama roba mai tauri. Bayan sun daskare gaba ɗaya ba su cika yin illa ba, amma a danyensu suna ratsa fata, kuma idan suka yi ta taɓa ta jiki yakan ɗauke su a matsayin abokan gaba. Da zarar ya yi musu wannan shaida ba ya mantawa, wannan ƙin da jiki yake yi, wato alaji, yakan zauna da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Kuma abin bai tsaya ga kwalliya ba, domin dangin waɗannan sinadarai ake amfani da su a farin cikon haƙori, da simintin da ake kafa gaɓar roba a gwiwa ko ƙugu, da wasu na'urorin da masu ciwon sukari suke mannawa a jiki. Ba abin mamaki ba ne, tunda farcen akirilik kansa, wato farcen roba da ake ginawa da dangin waɗannan sinadarai, daga kayan aikin haƙori ya samo asali, a hannun wani likitan haƙori a Amurka mai suna Fred Slack cikin shekarun 1950. Yarinyar da ta jawo wa kanta wannan alaji tana shekara 19 tana iya samun cikas a wurin magani tana shekara 60.

Wannan ba tsoratarwa ba ce ta fatar baki. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan wannan alaji a 2018, ta sake maimaitawa a 2023, tana nuni musamman ga kayan da ake sayar wa masu yi a gida. Tarayyar Turai kuwa tun 2021 ta taƙaita kayan farce masu ɗauke da HEMA ga ƙwararru kaɗai, sannan daga 1 ga Satumba 2025 ta haramta wani sinadarin jel mai suna TPO a kayan kwalliya. Idan ƙasashe sun ga dacewar cire abu daga hannun wanda bai koya ba, bai kamata ke ki saye shi a kwalbar da ko jerin sinadaranta ba a rubuta ba.

Wadda ta ce lallai sai ta yi jel, to ta riƙe waɗannan da muhimmanci. Kada danyen jel ya taɓa fata ko kaɗan, ki bar ɗan tazara kamar faɗin gashi tsakaninsa da gefen farce, idan kuma ya zarce ki goge shi da tsinke ko buroshi kafin ki sa hannu a fitila, ba da yatsa ba. Ki yi shafi siriri, saboda mai kauri samansa ne yake daskarewa cikinsa ya zauna danye a kan farce na tsawon makonni. Ki yi amfani da fitilar da kamfanin jel ɗin ya ce, ki cika lokacin da ya rubuta, domin kowane jel da irin hasken da aka haɗa shi don shi, kuma taurin da kika ji da yatsa ba shaida ba ce cewa ya daskare har ciki. Danƙon da yake saura a sama bayan fitila shi ma danyen sinadari ne, a goge shi daga gindi zuwa bakin farce, kada a shafe shi a fata. Ita kanta fitilar, ko an rubuta mata LED, hasken UVA take fitarwa, irin wanda yake cikin hasken rana amma ido ba ya ganinsa. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa hasken yana lalata ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, kuma ko da yake ba a kan hannun mutane aka yi shi ba, ya isa dalilin shafa man kare fata daga rana ko sa safar hannu mai yankakken kai.

Ranar cirewa ita ce ranar da ake gane mai haƙuri. Idan bakin jel ya ɗan ɗago, hannu yakan yi ta ƙaiƙayin ɓare shi, kuma yana tahowa da daɗi kamar ɓawon lemo, amma ki juya abin da kika ɓare ki duba bayansa, za ki ga fari-fari a manne, wannan saman farcenki ne ya tafi da shi. Shi ya sa farcen yake komawa laushi, yana lanƙwasa, yana jin zafin ruwan ɗumi. Hanyar da ta dace ita ce ki ɗan goge ƙyallin saman kawai, ki shafa basilin a fatar kewaye, ki jiƙa auduga da asiton ki ɗora, ki naɗe da takardar alminiyom na minti 10 zuwa 15, sannan ki ture abin da ya yi laushi. Wanda ya ƙi fita a sake jiƙa shi, kada a kankare. Bayan nan ki wanke hannu ki shafa mai sosai, ki kuma ba faratan hutu kafin wani zanen.

Farcen roba da ake mannawa da gam shi ma yana da nasa. Idan gefensa ya saki, ruwa yakan shige ya kwanta tsakaninsa da na asali, sai wata ƙwayar cuta mai son danshi ta mayar da wurin kore, kuma mafi muni shi ne a ƙara gam a rufe. A cire shi, a bar wurin ya bushe, idan bai gyaru ba a ga likita. Gam ɗin kuwa idan ya zube a kan tufafin auduga yakan yi zafi nan take har ya ƙona fatar da ke ƙasa, kuma kwalbarsa ta yi kama da ta maganin ɗigawa a ido, don haka a ɓoye shi nesa da yara da kuma wurin ajiye magunguna.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake so ki rinƙa ganin farcenki tsirara lokaci-lokaci. Farce yana ba da labarin lafiyar jiki, shi ya sa ake cewa a goge fenti kafin tiyata, tunda yana iya rikita na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, kuma shi ya sa ƙa'idojin tsabtar hannu na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 suka hana ma'aikatan da ke taɓa marasa lafiya sa farcen roba. Baƙin layi a tsawon farce abu ne da aka saba gani ga masu duhun fata, kuma galibi ba komai ba ne, amma idan sabo ne a farce ɗaya, yana ƙara faɗi, ko duhun ya malala zuwa fatar gindin farce, wannan na likita ne da gaggawa, domin akwai nau'in sankarar fata da yake farawa haka, kuma wadda take sabunta fenti a kan fenti wata da watanni ba za ta gani ba.

Ƙanwar tawa ta yi fiye da wata 6 kafin faratan da suka ɗago su koma daidai. Ta dawo zane, amma da janfarce na iska, wanda take karanta bayan kwalbarsa kafin ta saya, kuma furenta na ɗigo biyar ya fi nawa fita yanzu. Kwanakin baya da haƙorinta ya buƙaci ciko, kafin ta buɗe baki sai da ta miƙa wa likitan takardar gwajin nan, ya zauna ya duba kayan da zai iya sa mata da waɗanda ba zai iya ba.