Wa ya ce maka ta yafe?

Wallahi akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya a garin nan namu na Zariya, yau dai sai na amayar da shi, wanda zai ji haushi ya ji.

Maƙwabciyarmu ce, bazawara mai tuyar awara da 'ya'ya huɗu, mota ta kwashe ta a Samaru tana tsallaka titi ta dawo daga kasuwa, kuma a kan farin zanen nan na masu tafiya a ƙasa fa, duk da dai ya goge sai ka ƙura ido kake ganinsa. Karaya biyu a ƙafa. Washegari direban ya zo asibiti da dattawan unguwarsu da ledar lemo da dubu 20 a ambulan, tana kwance ko magana ba ta iya yi sosai, sai wani kawunta ya gyara zaman hula ya ce haba ai ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mun yafe. Mun yafe! Kawu da ƙafarka aka yi? Yau wata takwas ke nan tana dogara sanda, kaskon awara na kife a tsakar gida, an sayar da akuyarta an kai wa mai ɗori, shi kuwa kawun ko ƙwayar Panadol bai taɓa saya mata ba.

Ni ban ce yafiya ba kyau ba, amma mai haƙƙi ke yafewa, da bakinsa, bayan ya san abin da yake yafewa ɗin. Ku duba Suratun Nisa'i aya ta 92, kisan kuskure ma Allah ya sa masa diyya, sai in iyalan mamacin ne suka ga dama suka bari, kuma malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin diyyar rauni gaɓa-gaɓa. To ina rashin tawakkali a neman kuɗin magani?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sau da yawa kuɗin ma ba daga aljihun direba za su fito ba. Inshorar nan ta dole da doka ta ɗora wa duk mai abin hawa, wadda NAICOM, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, ta ƙara kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, ai domin wanda ka buge aka yi ta, kamfanin inshora ne zai biya jinyarsa ko diyyar ransa. Mu kuwa mun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai a shingen bincike, shi ya sa mutum zai sayi ta bogi wajen 'yan kamasho, ranar da abu ya faru a nema a ga babu kamfanin ma a duniya.

In abu ya faru a gabanka, a PZ ne ko Kwangila ko Ƙofar Doka, maimakon taruwa a kan direba ana duka, wanda ba zai ɗora ƙafar kowa ba, ka ɗau hoton lambar mota, ka kira 'yan Road Safety a 122, ka karɓi lambar mutum biyu da suka gani. A tabbata 'yan sanda sun rubuta rahoto, a adana rasit ɗin asibiti da hoton ƙashi, kar a sa hannu a wata takardar sulhu sai lauya ya karanta. Kuma gurfanar da direba kan tuƙin ganganci daban, ƙarar neman diyya daban.

Jiya na leƙa gaishe ta, na tambaye ta ko ta riƙe lambar motar. Ta ce Malam ina na ga ta riƙe lamba, ni da na farka na gan ni a gadon asibiti. Kawun ne kaɗai ke da lambar wayar direban, kuma wai ya goge.