Wai mutuwar zuciya ce ta hana talaka yin arziki?

Jama'a akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka tayar da zancen talaucin Arewa a Facebook ɗin nan sai ka ga wani ya kame a ofis yana shan sanyin esi ya rubuta wai matsalar talakanmu mutuwar zuciya ce, ba sa son aiki, sai roƙo da haihuwa barkatai. Wani kuma ya zo ya rufe zancen da "arziki na Allah ne", shi ke nan kowa ya watse. Ni ban yi musun Allah ne mai azurtawa ba, wannan imaninmu ne, amma ai Allahn da ya raba arziki shi ya wajabta zakka, ya haramta riba da tauye mudu da ɓoye abinci don ya yi tsada. In babu hannun mutane a cikin talaucin mutane to me ya kawo waɗannan hukunce-hukuncen?

Bari mu je ƙauye tunda can ne abin ya fi fitowa fili. Manoma biyu, gari ɗaya, ruwan sama ɗaya. Na farko rumbunsa yana kai shi har wata kakar, na biyu kuwa hatsinsa kan ƙare tun bazara. Damina na faɗuwa, daidai lokacin da gonarsa ke neman noman fari, gidansa babu ko tiya ɗaya ta gero, yara na kuka, dole ya saɓi fartanya ya tafi ƙwadago gonar na farkon don a samu abin ɗorawa a wuta da daddare. Gonar mai hali ta sha noma a kan kari, tasa kuwa ciyawa ta cinye, taki ma ba a maganarsa. Kaka ta zo ya samu ɗan abin da ya samu, ga bashin da ya ci da damina, wani wurin dami ɗaya ka karɓa biyu za ka mayar, ga bikin 'ya, ga magani, dole ya kai hatsin kasuwa a lokacin da kowa ke kaiwa farashi na ƙasa warwas. Wa zai saya? Wanda ke da kuɗin ajiyewa. Bayan wata biyar ko shida wannan hatsin dai shi zai dawo ya auna da tsada. Shekara biyu uku a haka sai jinginar da gona, daga jingina sai sayarwa, daga nan sai cirani, daga cirani kuma wani ba ya sake komawa gida. Don Allah a cikin mutanen nan biyu wa ya fi wani zubar da gumi? Mai "mutuwar zuciyar" shi ya nome gona biyu fa.

Kuma wannan ba sabon gani ba ne. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, abin da ta gano shi ne ƙauyen da 'yan birni ke yi wa kallon duk talakawa ne iri ɗaya ashe akwai tazara mai yawa tsakanin gida da gida, har akwai waɗanda talaucinsu ya kai ba sa ma iya noma gonarsu. Fiye da shekara 50 ke nan, je ka ƙauyenku yau ka duba ko ta canza zane.

Masana zamantakewa sun daɗe suna kai ruwa rana a kan wannan. Karl Marx ya ce ka duba wa ya mallaki abin da ake samar da dukiya da shi, wa kuma ba shi da komai sai ƙarfinsa da zai sayar, labarin manoman can biyu ke nan. Max Weber ya ce kuɗi kaɗai ba su isa bayani ba, akwai daraja akwai kuma mulki, kuma wallahi in ka san ƙasar Hausa za ka ce da mu yake. Ai mun san yadda tsarin yake tun kaka da kakanni, masu sarauta a sama, sai malamai da attajirai, sai talakawa, a cikin talakawan ma akwai sana'o'in gado da ake yi wa kallon raini. Har gobe mahauci zai iya tara dukiyar da ta fi ta hakimi amma ranar da ɗansa ya je neman aure wani gidan sai an tono asali. "Ɗan gidan waye?" ita ce tambayar farko, kafin a tambayi halinsa ko sallarsa.

Wanda ya fi burge ni kuma Bafaranshen nan Pierre Bourdieu, shi cewa ya yi gado ba a gona da gida ya tsaya ba, ana gadon ilimi da iya magana da sanin mutane. Yaro ya tashi a Nasarawa GRA, makarantar kuɗi, malamin lesin, Turanci a baki tun yana shekara 5, babansa na da lambar wayar darakta. Wani yaron ya tashi aji ɗaya su fi ɗari a zaune a ƙasa, ko kuma an kai shi almajiranci yana yawo da roba. Sai a zaunar da su jarrabawar JAMB ɗaya a ce ai an yi adalci, wanda ya ci ƙoƙarinsa ne. Haba.

Ko misalin da ake yawan kafa mana hujja da shi a duba shi da kyau. A ce maka ga Alhaji Aliko Dangote nan ɗan Kano ne ya zama wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka, kai me ya hana ka? Ba wanda zai raina ƙwazonsa da basirarsa ta kasuwanci, mutane nawa suka gaji dukiya suka watsar. Amma ta wajen uwa jinin Alhassan Dantata ne, attajirin da ake ji da shi a Afirka ta Yamma tun zamanin Turawa, kuma da rancen jari daga kawunsa ya fara a 1977. Mai tura ruwa a kura a Rimin Kebe wane kawu zai je wa?

Abin da ke ba ni takaici shi ne iyayenmu sun fi mu fahimtar wannan lissafin. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta faɗa ƙarara a sanarwarta ta Sawaba cewa akwai gwagwarmayar aji tsakanin masu riƙe da En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, da talakawa. Su Malam Aminu Kano malamai ne masu sanin addini, ba su taɓa ganin cewa faɗin haka saɓa wa ƙaddara ba ne. An ɗaure mutanensu an yi musu bulala a kai, har sai da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979. Yau kuwa jikokin 'yan NEPU ne ke zagin juna a kwamen saboda wane ubangida ya fi wane raba shinkafa.

Sannan a tuna akwai lokacin da ɗan talaka ke da tsanin hawa. Masaƙun Kakuri a Kaduna, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa a Kano, mutum ba shi da digiri amma yana da albashi, ya gina ɗan gidansa ya sa 'ya'ya a makaranta. Daga tsarin tsuke bakin aljihun gwamnati na SAP na 1986 zuwa rashin wuta da kwararowar atamfar waje ta fasa ƙwauri, ɗaya bayan ɗaya aka garƙame su, masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002. Dubban mutanen nan ba zuciyarsu ce ta mutu rana ɗaya ba, ƙofa aka rufe musu, su da 'ya'yansu suka koma acaɓa da A Daidaita Sahu, su ma ɗin na wani alhaji ne, kullum sai an kai balas.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, wato rashin makaranta da asibiti da ruwa mai tsabta da aikin yi, kuma kashi 65 cikin 100 na waɗannan a Arewa suke. A Sakkwato kashi 91 cikin 100 ne, a Ondo 27. Yanzu wani mai hankali zai ce mini mutum 9 cikin kowane 10 a Sakkwato ragwaye ne? Mutanen da ke noman albasa da rani cikin wannan zafin?

Eh akwai malalata, ban ce babu ba, amma a gidajen masu kuɗi ma suna nan jibge, bambancin kawai shi nasu lalacin ba ya kai su kwana da yunwa. Kuma mu ma da namu laifin, mun fi girmama mai raba ɗari biyar-biyar a ƙofar gida ranar Juma'a da kyamara a kan wanda zai biya leburansa haƙƙinsa cikakke kafin guminsa ya bushe. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa amma ba ji ɗaya ba, mai albashi an ɗaga masa mafi ƙaranci zuwa naira 70,000 a 2024, wanda shi ma ba ya kai ko'ina, ɗan ƙwadago da mai wankau da 'yar aikin gida kuwa ba su cikin wannan lissafin sam, ba su da ƙungiya ba su da wanda zai zauna teburi a madadinsu. Takin gwamnati ma in ya zo, sau da yawa sai damina ta yi nisa, ya biyo ta hannun 'yan siyasar mazaɓa, wanda ya samu buhu ɗaya kuma ga yunwa a gida sai ya sayar wa mai halin nan dai da ya yi wa ƙwadago, a ƙasa da farashin kasuwa.